Kwana Tara a Birnin Shehu da 'Yar Ƙaramar Kwamfuta

Tun kafin kiran assalatu na isa tasha, saboda motar Sakkwato ta farko nake so in samu. Duk mai bin hanyar Gusau a shekarun nan ya san direbobi ba sa yarda rana ta faɗi suna tsakanin Tsafe da Talatar Mafara. Kamasho ya karɓi jakar tufafina ya cusa a but tare da buhunan mutane, ya sake miƙo hannu zai karɓi ƙaramar da ke rataye a kafaɗata. Na ce masa wannan kam a cinyata za ta zauna. Ya dube ta, ya ga ba ta fi jakar ɗan firamare ba, ya ƙyale ni. Mu huɗu aka jera a kujerar baya, gwiwa na gogar gwiwa, kuma babu wanda ya yi ƙorafin cewa kayana sun takura shi.

Abin da ke cikin jakar shi ne dalilin wannan rubutu. Ni malamin sakandare ne a Kano, ina kuma karatun digiri na biyu a kan waƙoƙin wa'azi na ajami. Kawuna da ke zaune a unguwar Mabera a Sakkwato ya yi mini hanya wurin wani dattijon malami a tsohon gari, wanda ya gaji takardun kakansa, ya kuma yarda in zo in ɗauki hotonsu mu karanta tare. Bara da na yi irin wannan fita zuwa Zariya, babbar kwamfutata na ɗauka, mai allo inci 15.6. Kwana huɗu kawai na yi, amma na dawo da ciwon kafaɗa wanda ya kai ni mako biyu ina shafa man zafi. Shi ya sa kafin wannan tafiya na shiga titin Beirut na nemi ƙarama ta hannu, wadda aljihuna zai iya.

Da na kawo ta gida sai na ɗauko sikelin da maiɗakina ke auna fulawa in za ta yi cincin. Tsohuwar ta ba ni kilo 2.4, cajarta mai kama da bulo ta ƙara rabin kilo. Sabuwar kilo 1.1, cajarta kuwa ba ta kai giram 200 ba, kuma bakinta irin na wayoyin yanzu ne, wato USB-C, don haka caja ɗaya ta ishe ni waya da kwamfuta. Allonta inci 11.6 ne. Ƙwaƙwalwar aikinta, wadda masu gyara ke kira ram, giga 4 ce, ma'ajiyarta giga 64, batirinta na awon wat 42, kuma babu fanka a cikinta ko ɗaya. Mai shagon ya gaya mini gaskiya tun a wurin: ram ɗin da ma'ajiyar duk a liƙe suke da allon injin, ba a ƙarawa ba a canzawa. Na ji shi, amma a lokacin hankalina yana kan rashin nauyin.

Irin waɗannan ƙanana suna da asali. A 2007 kamfanin Asus ya fito da Eee PC mai allo inci 7, wadda ba ta cika kilo guda ba, aka yi ta rububinta saboda araha. Shekara guda bayan haka Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple a lokacin, ya zaro siririyar kwamfuta MacBook Air daga cikin ambulan a gaban jama'a. Tun daga nan hanya ta rabu biyu ga mai neman mara nauyi: ko ya biya kuɗi mai yawa ya samu siririya mai ƙarfi, ko ya biya kaɗan ya samu ƙarama wadda aka rage mata wasu abubuwa. Malamin makaranta irina ya san layin da zai bi.

Mun bi ta Gwarzo da Dayi da Malumfashi, muka karya a Funtuwa. Daga Tsafe mota ta yi tsit, kowa ya koma ga carbinsa, sai da muka shiga Gusau aka fara hira. A hanya ban fito da kwamfutar ba ko sau ɗaya, kuma ina ba duk matafiyi shawarar ya yi haka. Wani amfanin ƙanƙantarta ke nan da ban yi tunaninsa a shago ba: jakar ba ta nuna abin da ke cikinta. Babbar jakar goyo mai aljihun kwamfuta tana sanar da kowa tun daga nesa. Bayan Talatar Mafara da Tureta sai ƙasa ta buɗe, ga raƙuma ɗauke da kaya a gefen titi, ga iska mai zafi tana shigowa ta taga kamar daga bakin tanda. Muka wuce Dange da Shuni, muka shiga gari ana shirin la'asar.

Watan Afrilu ne, tsakiyar bazara. Wanda bai taɓa yin bazara a Sakkwato ba zai ɗauka zafin Kano shi ne zafi. Da rana awo yana haura digiri 40, ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, ruwan randa kaɗai ke da sanyi. Kawu ya tarbe ni da "Ka taho lahiya? Ina gajiya?", Inna ta dama mini fura da nono a ƙwarya, na sha har na ji idona ya washe. Da dare kowa ya fito da shimfiɗa tsakar gida. Wuta ta zo wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ta tafi kafin biyu. A cikin wannan ɗan lokaci kwamfutar ta cika, domin ƙaramin batir ba ya jan lokaci. Haka muka yi kusan kowane dare, kuma ban taɓa fita da safe da ita ba a cike ba.

Washegari ɗan Kawu, taubashina, ya ɗauke ni a babur zuwa tsohon gari. Lunguna ne matsattsu, wasu katangun na ƙasa, almajirai na karatu a ƙofar gidaje. Malam yana zaune a zaurensa bisa buzu, ya haura shekara tamanin a ƙiyasina, amma idonsa garau, ba ya sa tabarau. Na durƙusa na gaishe shi. Bayan an gama gaisuwa da tambayar mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya, ya sa jikansa ya jawo wata tsohuwar adaka. A ciki akwai gafaka uku na jar fata, duk sun yi baƙi saboda hannu. Ya buɗe ta farko, ya kwance igiyar tadarishi, ga takardu warwara ba ɗinki, kamar yadda aka saba ajiye littattafanmu na dā. A ƙasan kowane shafi an rubuta kalmar da shafi na gaba zai fara da ita, don kada a rikita jeri. Da na ɗaga wata takarda ta fuskanci haske sai na ga tambarin jinjirin wata uku a jikinta, alamar takardar da aka riƙa yi a Italiya a dā, wadda fatake suka riƙa ratso Sahara da ita.

Sharaɗin Malam ɗaya ne: takarda ba ta fita zauren. Ya ce in yi duk abin da zan yi a gabansa. Na zaro kwamfutar na buɗe. Ya kalle ta ya ce, "Wagga 'yar abu ita ka yin aikin duka?" Na ce, "Allah gafarta Malam, ita ce, in Allah ya yarda." Ya miƙo hannu, na ba shi, ya jinjina ta sau biyu, sannan ya ɗauki gafaka ɗaya a ɗaya hannun ya gwada. Ya ce gafakar ta fi ta nauyi. Ya mayar mini, ya ce mu fara.

Tsarin aikinmu ya zama haka. Da hantsi nake zuwa. In ɗauki hoton shafi da waya, in tura cikin kwamfuta ta igiya, in ba kowane hoto lambarsa. Sannan Malam ya riƙe takarda yana karantawa, wani lokaci yana rerawa, ni kuma ina bugawa da boko. Tun a gida na sa mata tsarin madannai na Hausa da ke cikin Windows, saboda haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, su fito daidai ba sai na yi ta nemansu ba. Madannan sun ɗan matsu fiye da na babbar, kwana biyun farko yatsuna suna ta taka maƙwabta, daga baya hannu ya saba. Zaure ba shi da teburi, ba shi da soket. A tabarma nake zaune, kwamfuta a cinya, kuma a nan ne na gane darajar kilo guda: sa'a uku tana bisa ƙafata ba ta sa ta yi tsami ba.

Rashin fanka ma ya yi mini rana ta wajen da ban zata ba. Ina ɗaukar muryar Malam in yana rera baiti, kuma tsohuwar kwamfutata da ta ɗan yi zafi take fara huci kamar injin markaɗe, duk sautin ya shiga cikin abin da aka ɗauka. Wannan shiru take. A cikin faifan da na dawo da su babu abin da ake ji sai muryar tsoho, da kukan kurciya, da sallamar masu wucewa. Kuma tunda ba ta da ramukan shaƙar iska, ranar da guguwa ta taso da yamma ta cika zauren da ƙura, goge bayanta kawai na yi da hannun riga.

Amma zafin da fanka ba ta fitar ba dole ya bi ta wani wuri. Ta ƙasanta yake fita. Masu ƙera waɗannan na'urori galibi suna cewa a yi aiki da su a wurin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa kafin azahar zauren ya wuce haka. Rana ta biyu na ɗora ta a kan darduma don in huta da ɗuminta, ban san na toshe mata hanyar fitar zafi ba. Can sai ta fara nawa. In danna hoto, sai na ƙirga biyar kafin ya buɗe. In buga kalma, haruffa su biyo baya ɗaya-ɗaya. Injin cikinta ne ke rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Malam ya lura na daina bugawa, ya tambaya, na gaya masa zafi ne ya dame ta. Ya kira jikansa ya ce, "Ɗauko kujerar tsohuwa, a aje ta bisa." Yaron ya kawo kujera 'yar tsugunno, muka ɗora ta yadda gefe da gefe suka leƙo waje, iska na ratsa ƙasa. Cikin minti goma ta dawo hayyacinta. Daga ranar kujerar ta zama tata, kuma muka riƙa tashi da an kira azahar, mu dawo bayan la'asar. Abin da zafi ke yi wa batir ya fi wannan muni, domin shi ba ya warkewa: batirin litiyam da ake bari a rana ko cikin mota a rufe yana rasa ƙarfinsa, wani har ya kumbura ya ɗaga madannai. Ban taɓa yi mata caji da tsakar rana ba saboda wannan.

Maganar batir kuwa, mai shago ya ce za ta yi sa'a goma. Abin da na gani da idona shi ne sa'a shida da rabi zuwa bakwai, in na rage hasken allo na kashe intanet. In na ƙure haske ina buɗe hotuna, biyar. Wannan ya ishi aikin safe da rabin na yamma. Sauran kuma fawa banki ke cikawa, kuma a nan akwai abin da ya kamata mai saye ya sani. Nawa mai ƙarfin mAh 20,000 ne, wanda a lissafi ya kama awon wat 74, ko da yake wani kaso yana tafiya a zafi wajen juyawa. Yana cika ta sau ɗaya har ya rage na waya. Sai dai ba kowane fawa banki ke tayar da kwamfuta ba. Taubashina ya kawo nasa, babba ne har ya fi nawa, muka soka, ko motsi ba ta yi ba, saboda nasa bolt 5 kawai yake bayarwa, na waya. Sai wanda aka rubuta PD a jikinsa, mai ba da wat 30 ko 45, shi ke iyawa. A duba wannan kafin a biya kuɗi.

Inda ta gaza mini da gaske shi ne allo, kuma wannan ya taɓa zuciyar aikin da ya kawo ni. A ajamin Hausa wasalin "i" gajeren layi ne a ƙarƙashin baƙi, wasalin "e" kuwa ɗigo ne mai kauri, shi ma a ƙarƙashi, wanda aka aro daga imalar karatun Warshu. A takardar da ta shekara fiye da ɗari, tawada ta baje, bambancin layi da ɗigo ya zama na mai ido. Dare na uku na zauna a gidan Kawu ina ƙarasa wasu shafuka ni kaɗai daga hoto. Allon nan ɗigonsa 1366 ne a kwance, 768 a tsaye. In na raba shi biyu, hoto a dama rubutu a hagu, kowane ɓangare bai fi tafin hannu ba. In na zuƙo hoton don in ga wasali, sai sauran baitin ya ɓace, in manta inda nake. Launinsa ma a dushe yake, jar tawada da baƙar da ta koɗe suna neman zama ɗaya. A wani baiti na karanta "bari", na buga, na wuce.

Da safe ina maimaita wa Malam abin da na rubuta, na zo wurin, sai ya ɗaga hannu. Ya ce in sake. Na sake. Ya lalubo takardar, ya sa farce a ƙarƙashin harafin, ya ce, "Duba da kyau, ɗana. Ɗigo na. Bare, ba bari ba." Da "bari" baitin yana umartar mutum ya daina abu; da "bare" yana cewa wane ma bai tsira ba, balle kai. Ma'ana ta juya gaba ɗaya a kan ɗigo guda. Jikina ya yi sanyi, domin shafi goma sha ɗaya na yi a daren nan, kuma da ban samu mai gyara mini ba da haka zan kai wa malamaina a jami'a, wani ya zo ya kwafa daga gare ni. Muka koma kansu ɗaya bayan ɗaya, muka samu kuskure irin wannan guda huɗu. Malam bai yi faɗa ba. Ya ce kakansa in zai kwafi littafi sai ya sa wani ya riƙe asalin suna bi tare, kuma ba ya ɗaukar alƙalami bayan magariba.

Maganin da na samu a gidan Kawu yake. Kwamfutar tana da ramin HDMI, wanda ake haɗa ta da talabijin ta cikinsa, talabijin ɗin falo kuma inci 32 ne. Na sayi igiya a kasuwa, in wuta ta zo sai in jefa hoton a talabijin, rubutu ya zauna a ƙaramin allo. Nan ɗigo ya fito ɗigo, layi ya fito layi, har inda alƙalamin mai rubutu ya tsage ana gani. Inna da 'yan matan gidan suka riƙa zama suna kallo, Inna har tana cafke wasu baitoci tana ƙarasawa da ka, ta ce a bakin kakarta ta ji su, wadda ke zuwa karatu wurin wata jaji. Wannan tsari na 'Yan Taru Nana Asma'u ce ta kafa shi, tana tura mata masu ilimi ƙauyuka suna koyar da 'yan uwansu da waƙa, ga shi har yau saurarsa na bakin tsofaffi. Amma dabarar talabijin tana buƙatar wuta, wuta kuwa sa'a uku ce. A zauren Malam dole na koma ga takarda da idonsa.

Ma'ajiya ita ce matsala ta biyu. Giga 64 a rubuce yana da yawa, amma manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ta riga ta cinye kusan rabi. Hotuna ba su da laifi, guda 700 da na ɗauka ba su kai giga 3 ba. Bidiyon Malam yana rera waƙa shi ya cika ta, don sa'a guda tana cin giga shida ko fiye. Rana ta biyar ta fara nuna jan layi. Na je Babbar Kasuwa na sayi katin memori mai giga 128 na soka a ramin da ke gefenta, kuma ban bar shagon ba sai da na zuba masa manyan fayil na sake buɗe su, domin akwai jabun kati da ke nuna girman da ba shi da shi, sai ka cika shi ka tarar rabin kayanka sun lalace. Kowane dare kuma ina kwafe komai a filasha, in sa a aljihun jakar tufafi, kada ƙwai su taru a kwando ɗaya. Ram giga 4 shi ma yana da iyaka: rubutu da hoto tana ɗauka lafiya, amma in na ƙara buɗe shafukan intanet biyar ko shida sai ta fara jan ƙafa. Wata rana kuma da na haɗa ta da intanet ɗin wayata, ta kama sabunta kanta ba tare da na sani ba, ta lashe datar mako guda kafin in farga. Akwai wurin da ake gaya mata cewa datar nan a kan awo take, ta daina. Da na sani da tun a Kano na danna shi. Madannanta kuma ba su da fitila, in an ɗauke wuta sai na jingina tocilan a bango.

Ranar Juma'a ba mu yi aiki ba. Na yi sallah a Masallacin Sarkin Musulmi Bello, daura da fada, na tuna cewa shi Muhammadu Bello ne ya kafa garin nan a 1809, shekara biyar bayan fara jihadi. Da yamma na je Hubbare, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake kwance tun 1817, 'yarsa Nana Asma'u ma a nan aka rufe ta. Mata da maza daga nesa, wasu daga Nijar, kowa ya tuɓe takalmi yana addu'a a hankali. Jakar na rataye a ƙirjina, ban buɗe ba, ban ma tuna da ita ba sai da na fito. Ranar Litinin na leƙa Gidan Tarihi na Waziri Junaidu don in gwada wasu baitoci da kwafin da ke can, washegari kuma na hau kabu-kabu zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975. Hanyar ta ratsa fadamar Rima ta Kwalkwalawa, kore shar a tsakiyar bazara, ga masu soya kifi a bakin gada. A bayan babur, kan hanya mai gargada, hannuna biyu a sake suke ina riƙe da ƙarfe. Da babbar ce a bayana, da kowane rami sai na ji shi a ƙashin wuya.

Jakar da na zo da ita ta leda ce mai kama da fata, zafi ya sa ta fara ɓarewa. Taubashina ya kai ni wurin wani baduku. Sakkwato gidan jar akuya ce, fatarta ce aka riƙa kaiwa arewacin Afirka tun zamanin ayari, har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko saboda ta can take isa gare su. Na ce masa gafaka nake so, irin ta malamai, amma daidai wannan. Bai nemi tef ba. Ya auna ta da taƙi da yatsu, ya yanki zare ya ƙulla a tsawo da faɗi, ya ce in dawo jibi. Da na dawo na tarar da gafaka ja mai marfi da maɗauri da igiyar rataya, ya sa mata shafi mai taushi a ciki, ya yi ƙaramin aljihu na caja ba tare da na roƙa ba. Ta shige cif. Abu ɗaya nake kiyayewa: fata tana riƙe zafi, don haka sai na kashe kwamfutar gaba ɗaya ta huce kafin in saka ta.

Jikan Malam, wanda ya gama sakandare yana jiran shiga jami'a, shi ya fi kowa sha'awarta. Duk kwanakin nan yana gefena, har na koya masa ba hotuna lamba. Ranar ƙarshe ya tambaye ni a asirce ko irinta zai sa a saya masa. Na gaya masa abin da na gani. In rubutu ne da karatu da yawo tsakanin aji da ɗakin kwana inda wuta ba ta zama, za ta yi masa, kuma zai gode wa rashin nauyinta da jimirin batirinta kullum. In zai yi zane, ko haɗa bidiyo, ko duk aikin da ido ke bin ƙananan abubuwa, kada ya soma. Na ce masa in da hali ya ƙara haƙuri ya tara kuɗi ya nemi mai inci 13, allo mai ɗigo 1920 da 1080, ram giga 8, ma'ajiya mai sauri, wato SSD, giga 256. Irin waɗannan akwai waɗanda nauyinsu bai fi kilo 1.3 ba, giram 200 kacal a kan tawa, kuma da ita ce a hannuna da ɗigon nan bai ɓace mini ba. Ni ma in Allah ya hore, can zan koma. Ya kuma duba cewa tana caji ta USB-C, ya sa mai shago ya nuna masa lafiyar batir kafin ya biya, tunda ta hannu ce.

Gafaka biyu muka gama a kwana tara, ta ukun ko kwance ta ba mu yi ba. Da na je sallama na nuna wa Malam sabuwar gafakar. Ya shafa ɗinkin da babban yatsa, ya juya ta, ya ce aikin na gari ne, ya tambayi wane baduku ya yi. Sannan ya yi mini addu'a mai tsawo, ya ce in dawo bayan damina ta sauka, lokacin zauren ya yi sanyi, mu buɗe ta ukun. Na ce in Allah ya kai mu.

Da asuba Kawu ya kai ni tasha. Inna ta haɗo ni da rabin buhun albasa da ƙullin kilishi na yara, aka ɗaure su a but. Na zauna a gefen taga, gafaka a cinyata, filasha a aljihun gaban riga, direba ya yi bisimilla muka kama hanyar Shuni.